Ko In Sauya Lauya Ana Tsakiyar Shari'a?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata takwas ke nan muna shari'a da tsohon mijina kan riƙon 'ya'yanmu biyu da kuɗin ciyar da su. Sau biyu lauyana bai halarci zama ba, sai a harabar kotu na ji an ɗage, kuma ba ya ɗaga wayata. Kwanan nan ya ce in karɓi sulhu, domin ba zan samu duk abin da nake nema ba. Saura mako uku a saurari shaiduna. In sauya shi ne, ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kina da ikon sallamar lauyanki, domin wakilinki ne, shari'ar kuwa taki ce. Sai dai ƙorafinki kashi biyu ne, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Shawarar sulhu ba laifi ba ce, domin a shari'ar riƙon yara alƙali maslahar yaran yake dubawa kafin buƙatar iyaye, kuma lauyan da ya faɗa miki gaskiya mai ɗaci ya fi wanda zai yi miki romon baka. Abin da ya fi damuna shi ne barin ki tsaye a harabar kotu ba tare da bayani ba, alhali kowace ɗagewa ƙarin makonni ne da yaran za su yi ba a yanke maganar ciyar da su ba.

Ki fara rubuta masa takarda, ki nemi ganawa cikin kwanaki kaɗan, ki tambaye shi dalilin rashin zuwansa da shirin da ya yi wa shaidunki. A daidai wannan lokaci ki kai kwafin takardunki wurin wani lauya ya duba, kuma kada ki sallami na farko sai na biyu ya tabbatar miki cewa zai iya tsayawa ranar zaman. Mako uku gajeren lokaci ne ga wanda zai karanci fayil daga farko, kuma alƙali ba dole ne ya sake ɗage zama don kin sauya lauya ba.

Idan kin yanke shawarar sauyawa, ki sanar da shi a rubuce, sabon lauyan kuma ya sanar da kotu da ɗaya ɓangaren. Ki nemi lissafin kuɗin da kika biya da wanda ya rage, domin a wurare da dama doka tana bai wa lauya damar riƙe fayil har a biya shi haƙƙinsa. Sirrin da kika faɗa masa kuwa amana ne a wuyansa ko bayan kun rabu, kuma ba shi da damar komawa ya wakilci tsohon mijinki a wannan shari'ar.