Amsa kan ajiye lissafin sojoji a injin ces

Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina, na saurari saƙonka, ka ce injin ces ɗin da kake rubutawa, wato manhajar kwamfuta mai buga wasan ces, yana jan ƙafa, kuma da ka auna ka ga lissafin jerin sojoji, wato ƙananan 'ya'yan wasan da ake jerawa a gaba, shi ne ke cinye lokacin.

To ka ga, sojoji ba su cika motsi ba. Doki zai yi tsalle, sarauniya ta kai ta komo, su suna nan inda suke. Amma injinka kullum sai ya sake duba wane soja ne ba shi da maƙwabci, waɗanne ne suka hau layi ɗaya, wane ne hanya ta buɗe masa. Kamar mai shago ne da ke sake ƙirga buhunan da ba a taɓa ba duk shigowar kwastoma.

Ka yi wa sojoji teburin ajiye makinsu, ka ware musu makullinsu daban, wato lambar da za a nemo makin da ita, da irin dabarar da Albert Zobrist ya fitar a 1970, wadda kake amfani da ita a babban teburinka na ajiye matsayin wasa. Sai dai wannan lambobin sojoji kaɗai za ka haɗa da XOR, wato hanyar kwamfuta ta gauraya lambobi, ban da na wanda ke da wasa. Ka sabunta shi in soja ya taka, in an cinye shi, ko ya kai ƙarshe ya zama sarauniya. Cin soja a wucewa ma kar ka manta, don wanda aka ci ba a gidan da ka sauka yake ba. In ka yi daidai, sama da kashi 90 cikin 100 na neman da za ka yi za ka tarar da amsar a ajiye.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Kar ka saka komai a teburin nan sai abin da sojoji kaɗai suka yanke. Wallahi nan mutane ke lalata injinsu ba su sani ba. Misali garkuwar sarki, wato sojojin da ke kare shi, ai ta danganta da inda sarkin yake. In ka ajiye makin haka kawai, sarki ya matsa, makullin bai canza ba, sai injin ya ɗauko tsohuwar amsa. Ba zai tsaya ba, ba zai nuna kuskure ba, wasansa ne kawai zai yi rauni. Tsohon Stockfish, shahararren injin ces, yana ajiye gidan sarkin tare da makin, in ya ga ya canza sai ya sake lissafi. Haka sojan da hanya ta buɗe masa: ajiye inda yake, amma nisansa da sarakuna da ko an tare gabansa, wannan a waje za ka lissafa.

Teburin ba ya son girma, gurbi 16384 ya ishe ka farawa. Na san Stockfish 12 ya shigo da NNUE a 2020, wato lissafin da na'ura ke koyo da kanta, amma kai da hannu kake rubuta lissafinka, don haka kana buƙatar teburin. In ka gama, gwada shi da tebur da babu tebur, makin dole ya fito iri ɗaya. Turo mini abin da ka samu.