Ku Tambayi Anti: Ina zan kai yara shan iska a Legas?

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya. Ni matar aure ce a Agege, yarana uku, babban shekara 7, mai bi masa 4, sai ta goye. Yaran nan daga gida sai boko sai islamiyya, in sun dawo kuma a kan waya suke wuni. Babansu ya ce in an yi hutu zai kai mu bakin teku amma wallahi tsoro nake ji saboda labaran da ake bayarwa na ruwa ya ja mutane. Dan Allah ina ne ya fi dacewa, kuma akwai wajen da za su ɗan taka cikin bishiyoyi?
Maman Sadiƙ, Agege

Wa alaikumussalam Maman Sadiƙ. Tsoron nan naki ni ban ga laifinsa ba, ki riƙe shi ma, amma kar ya hana ku fita.

Mu da muka taso a arewa ruwan da muka sani shi ne kogi ko dam irin na Tiga, to wannan na Legas tekun Atlantika ne, halinsa daban. Ki tsaya a bakinsa ruwan iya idon sawu kawai, in igiyar ruwa ta zo ta koma za ki ji rairayi na zarewa daga ƙarƙashin ƙafarki, babba ma sai ya yi tangal-tangal balle yaro ɗan shekara 4 da bai da nauyin komai, kuma a wurare da yawa gaɓar tana da gangare, taku biyu uku sai zurfi. Shi yasa ni in da ƙananan yara ne nake cewa bakin tekun Tarkwa Bay, domin duwatsun da aka jera a mashigar tashar jiragen ruwa suna kare wajen, igiyar ba ta da ƙarfi kamar na su Elegushi ko Eleko. Sai dai fa mota ba ta zuwa, jirgin ruwa za ku shiga daga wajen CMS da ke Tsibirin Legas ko Victoria Island, to nan ne zan ja kunnenki: kowa ya sa rigar nan mai hana nutsewa (laif jaket) har ta goyen, ki duba da idonki ta yi wa yaro daidai an ɗaure igiyoyin, in direban jirgi ya ce ai ba nisa ba komai, ku sauka ku jira wani. Ku dawo da sauran rana. In wani ya ce miki Bar Beach ya daɗe bai zo Legas ba, an cike wajen da yashi an yi sabuwar unguwar Eko Atlantic.

Ku raba aiki ke da babansu tun a gida, wane ne da wane yaro, don yawanci abin da ke faruwa kowa na zaton ɗayan ne ke kallo. Yaro in yana ruwa ya zama miƙa hannu kawai za ki yi ki cafko shi. Gaskiya ma yara ba sa buƙatar shiga can ciki, ki ba su tsohuwar robar fenti da ludayi su yi ta gina gidan yashi, sai kin yi da gaske za su yarda a tafi.

Maganar bishiyoyi kuma, Lekki Conservation Centre. Tun 1990 aka buɗe shi, dajin ya kai hekta 78, an shimfiɗa hanyar katako a kan fadama ana bi a cikin inuwa. Akwai gadar nan ta sama mai lilo, tsawonta mita 401, wannan ba ta yaranki ba ce, ki bar babansu ya hau in yana jin jarumta ku kuna ƙasa. Birai ne kawai matsalar, ba su da kunya ko kaɗan, in suka ga leda ko biskit a hannun yaro fizgewa za su yi, komai ki zuge shi a jaka. Ki yi goyo da zani, ya fi miki keken turawa, kuma a sa musu kambas banda silifas.

Lokaci kuma daga Nuwamba zuwa Maris ya fi, Afrilu ma ana iya yi in kina duba hadari, amma Yuni da Yuli ruwan sama ba ya ɗagawa kuma teku ya fi haushi. Daga Agege zuwa Lekki ba nan kusa ba ne, ku fita da an idar da asuba kafin gosulo ya haɗu, kar kuma ku haɗa dajin da teku rana ɗaya, mai shekara 4 ɗin zai gaji ya koma kuka kowa ya rasa jin daɗi. Ki ɗauki ruwan sha mai yawa, hula, kayan canji, famfas, tabarmar sallah, da ɗan abin taɓawa daga gida irin su dambun nama da cincin don abincin can tsada. Kuɗin shiga yana canzawa, babansu ya tambaya kafin ranar kuma ya riƙe tsabar kuɗi a aljihu saboda netwok na iya ƙin tiransifa.