Shafin intanet ya ce damar 'yata kashi 62 ce: in biya kuɗin rahoton?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata ta samu A1 biyar a WAEC, ta ci 1420 a SAT, jarrabawar neman shiga jami'a a Amurka. Ta saka makinta a wani shafi mai lissafa damar samun gurbi a jami'o'in Amurka, ya ba ta kashi 62 cikin 100 a wata jami'a. Yanzu sun ce sai mun biya kafin mu ga cikakken rahoto. In biya? Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya yi wa yarinya albarka, ta yi ƙoƙari. Amma ki riƙe kuɗinki.

Abin da irin waɗannan shafuka ke yi shi ne gwada makin yaro da na ɗaliban da suka nema a baya, kuma akasarinsu 'yan Amurka ne da suka rubuta sakamakonsu da kansu, ba wanda ya tantance. Tun daga nan lissafin ya karkace. Shafin yana neman GPA, wato matsakaicin makin ɗalibi, mai ma'aunin 4.0, alhali WAEC daga A1 zuwa F9 take, don haka duk abin da 'yarki ta cike a gurbin nan kintace ne. Shafin bai karanta rubutun da ta yi game da kanta ba, bai ga wasiƙun malamanta ba.

Babban abin da ya ɓoye miki shi ne kuɗi. Yawancin jami'o'in Amurka suna duba ko ɗalibin waje zai iya biyan kuɗin makaranta kafin su ɗauke shi. Yara biyu masu maki ɗaya, mai neman cikakken tallafi sai a bar shi, a ɗauki wanda iyayensa za su biya. Kaɗan ne ba sa duba aljihu, irin su Harvard, Yale, Princeton, MIT da Amherst, su kuwa shigarsu sai an sha wuya: Harvard ba ta ɗauki ko kashi 4 cikin 100 na masu nema ba a 2024.

Ga abin da ya fi, kuma kyauta ne. Ta rubuta sunan jami'ar tare da Common Data Set (takardar alƙaluman da jami'o'in Amurka ke wallafawa game da kansu) a Google. A sashen C9 na takardar za ta ga makin SAT na tsakiyar waɗanda suka shiga, daga ƙaramin adadi zuwa babba. In 1420 ya gaza ƙaramin adadin, jami'ar ta yi mata nisa. C7 yana nuna abin da jami'ar ta fi ba muhimmanci. H6 kuma, wanda mu muka fi damuwa da shi, yana faɗin ɗaliban waje nawa aka ba tallafi da matsakaicin abin da kowa ya samu. In adadin bai taka kara ya karya ba, kada ku ɓata kuɗin fom, wanda kan kai dala 70 zuwa 90 a manyan jami'o'i.

Shafin yana da amfani ɗaya: rarraba jami'o'i zuwa masu wuya, matsakaita da masu sauƙi. Ta zaɓi takwas zuwa goma a gauraye, sannan ta kai jerin ofishin EducationUSA, mai ba ɗalibai shawara kan karatu a Amurka, da ke Abuja ko Legas a duba mata.