Tambaya da Amsa: Canza akwatin wuta a ƙaramar kwamfutar tebur

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da kwamfutar tebur 'yar siririya, irin wadda ake amfani da ita a ofis, da ita nake koyon haɗa bidiyo. Wani abokina ya ba ni tsohon katin hotonsa, wato katin da ke sarrafa hoto da bidiyo a kwamfuta, amma ya ce wutar kwamfutata ba za ta ɗauke shi ba sai na canza akwatin wutar da ke cikinta. Na buɗe na duba, wat 240 aka rubuta a jikinsa. Shi kuma katin yana da wani rami mai haƙora 8 a samansa, ban ga wayar da za ta shiga nan ba. Mai wat nawa zan saya, 500 ko 600? Daga wani ɗalibi mai bibiyar wannan fili.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka ya faɗi gaskiya, sai dai maganar wat ita ce ta ƙarshe a jerin abin da za ka duba. Don Allah ka riƙe kuɗinka tukuna, ka ɗauko rula.

Akwatin wuta, wanda za ka ga ana rubutawa PSU, kamar takalmi yake: komai kyansa, idan ba lambar ƙafarka ba ne, ba shi da amfani a gare ka. Wanda ya fi yawa a kasuwa shi ne ATX, faɗinsa milimita 150, tsayinsa 86, kuma mafi yawan masu wat 500 da 600 da kake tunani irinsa ne. Ba zai shiga siririyar kwamfuta ba ko da za ka cire murfin. Akwai ƙanana: SFX mai faɗin milimita 125 da tsayin 63.5, sai TFX dogo siriri mai faɗin 85 da zurfin 175, sai Flex ATX da bai wuce milimita 40.5 a tsayi ba. Kwance naka ka auna shi ta fuska uku, ka kuma lura da inda ramukan sukuru suke da gefen da fanka ke shaƙar iska. Idan awon bai yi daidai da ko ɗaya cikin waɗannan ba, kada ka yi mamaki. Manyan kamfanoni irin su Dell da HP da Lenovo sun saba ƙera nasu fasalin na kansu a ƙananan kwamfutocin ofis.

A nan ne gizo ke saƙa. Bi wayar da ta fi kauri daga akwatin har inda ta shiga madabod, wato babban allon da sauran kayan kwamfuta ke haɗuwa a kansa, ka ƙirga haƙoran filoginta. Idan 24 ne, ka yi sa'a, tsarin da kowa ya sani ke nan. Amma a kwamfutocin ofis da yawa za ka tarar da 6, ko 8, ko 10, ko 14. OptiPlex 9020 ƙarama ta kamfanin Dell, misali, filoginta mai haƙora 8 ne, akwatinta kuma wat 255. Dalilin shi ne akwatin ATX na yau da kullum yana fitar da wuta kala uku, bolt 12 da bolt 5 da bolt 3.3, su kuwa irin waɗannan bolt 12 kaɗai suke bayarwa, madabod ne ke rage ta zuwa sauran. Alamar da za ta tabbatar maka: duba wayar da ke ba ma'ajiyar bayanai wuta. Idan daga madabod ta fito maimakon daga akwatin, to taka irin wannan ce.

Za a ce maka akwai adafta da ke mayar da 24 zuwa 6 ko 8. Akwai, kuma wasu suna aiki. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ko kwamfuta tana kashe akwai 'yar wutar jiran tsammani da ke zaune a madabod domin maɓallin kunnawa ya amsa. A tsarin ATX bolt 5 ce, a wasu kwamfutocin ofis kuwa bolt 12. Adaftar kirki tana da ɗan ƙaramin allo a tsakiyarta da ke ɗaga wutar, ta banza kuwa wayoyi ne kawai aka jona. Sannan filogi biyu masu haƙora 6 na iya yin kama da juna alhali jerin wayoyinsu ya sha bamban. Bolt 12 ta bi inda ba hurumin ta ba, sai ka ji ƙauri, madabod ya tafi. Ni ba na ba mai koyo shawarar adafta sai wadda aka rubuta sunan samfurin kwamfutarsa a kanta ƙarara.

Yanzu katin. Ramin da ake soka shi a madabod yana iya ba da wuta har wat 75. Katin da ke son fiye da haka shi ake yi wa rami a sama: mai haƙora 6 yana ƙara wat 75, mai 8 yana ƙara 150. Naka ke nan yana iya jan abin da ya kusa cinye wat 240 ɗin shi kaɗai, ba a yi maganar furosesa ba, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Kada kuma wani ya sayar maka da wayar da ke ɗauko wuta daga filogin SATA, wanda aka yi don ba ma'ajiyar bayanai wuta, ta kai wa katin. Filogin SATA bai wuce wat 54 ba a layin bolt 12. Ɗora masa fiye da haka shi ke sa roba ta narke. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin wayar tana shiga lafiya lau, kwamfuta ta tashi, mutum ya ɗauka ya gama, sai ranar da aiki ya yi nauyi.

Ka ma gwada katin a gidan kwamfutar kuwa? Mafi yawan katunan da ke da rami mai haƙora 8 dogaye ne masu cikakken tsayi, siririyar kwamfuta kuwa gajeren kati take karɓa. Akwai yiwuwar murfi ba zai rufu ba. A wasu ma ramin katin yana dab da akwatin wuta, har kati mai kauri ba ya samun wurin zama.

Ga abin da zan yi da ni ne. Zan bar akwatin wat 240 ɗin a inda yake, in nemi gajeren katin da ba ya buƙatar wata waya. GTX 1650 gajere yana cin wat 75, RTX 3050 mai gigabait 6 yana cin 70, RX 6400 kuma 53, kodayake shi wannan na ƙarshe ba shi da sashen da ke matse bidiyo, don haka bai dace da aikinka ba. Yi lissafi: idan furosesarka mai wat 65 ce, ka haɗa da 75 na kati, ka ware kamar 40 don madabod da ma'ajiya da fankoki, ka tashi da 180. Wat 240 zai ɗauka da sauran numfashi. Da a ce 180 aka rubuta a akwatinka, da na ce ka sauko zuwa ƙaramin kati. Duba takardar da ke manne a jikinsa, ka nemi layin bolt 12, ka ninka shi da adadin amf da ke ƙarƙashinsa. Bolt 12 sau amf 16, misali, wat 192 ke nan, kuma wannan adadin ne furosesa da kati suke sha daga ciki, ba babbar lambar da ke sama ba.

Idan kuwa ranka na kan katin abokinka, hanya mai tsabta ita ce sabon gida mai faɗi da madabod mai filogi 24, ka kwashe furosesa da RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) da ma'ajiya ka mayar can, muddin madabod ɗin ya dace da su. A nan wat 500 zuwa 550 na kamfanin da aka sani zai wadatar. Nemi mai tambarin 80 Plus, wanda ke nufin aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja daga bango tana isa ga kwamfuta, sauran ce ke zama zafi. Tambarin ba shaidar ƙarko ba ne, amma akwatin da ko shi bai samu ba, ga shi shafal a hannu an rubuta masa wat 600, araha ce da ba ta ado.

Ranar canzawa, zare waya daga bango, danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi, ɗauki hoton yadda wayoyi suke kafin ka taɓa komai, sannan ka dafa ƙarfen gidan don sauke wutar jikinka. Kowane filogi yana da ɗan harshe da ake dannawa. Kada ka fizga. Idan sabon akwatin irin wanda wayoyinsa ke cirewa ne, yi amfani da nasa kaɗai, na wani kamfani ba sa zama daidai ko da sun shiga. Shi kansa akwatin wutar kada ka taɓa buɗe cikinsa, ko don share ƙura. Kafasitocin cikinsa, wato 'yan na'urorin da ke tara wuta, suna riƙe wuta mai kisa bayan an zare waya.

TAMBAYA: Malam, idan na sa akwatin wuta mai ƙarfi fiye da na asali, ba zai ƙona min kwamfuta ba? Kuma zai ƙara mata sauri? Daga wata mai karatu.

AMSA: Malama, ba zai ƙona ta ba, ba zai kuma ƙara mata sauri ba. Lambar wat iyakar abin da akwatin zai iya bayarwa ce, kwamfuta kuwa abin da take buƙata kawai take ja. Idan wat 120 aikinki ke ci, 120 zai bayar, ko an rubuta masa 300 ko 750. Abin da ke ƙona kaya shi ne filogin da bai dace ba da kuma akwati maras inganci. Idan nawa take yi miki, fara duba RAM, ki kuma duba ko har yanzu tsohon faifai mai juyawa ne a cikinta. Mayar da shi SSD, wato ma'ajiya mai sauri da ba ta juyawa, zai nuna miki bambanci tun daga kunnawa.