Wuta ba ta taɓa cikinsa ba, ya aka yi hanji ya huje?

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba ƙaninki lafiya. Kin ce gas ne ya tashi da shi, ƙunar ta kama baya da ƙirji da hannuwa, sai ga shi a sati na biyu ciki ya kumbura likitoci sun ce hanji ya huje sai an yi tiyata, 'yan gida kuma suna zargin robar da aka zura masa ta hanci.

Ni nas ce, na daɗe a ɗakin masu ƙuna, wallahi abin nan yana faruwa kuma da wuya a ce robar ce. Babbar ƙuna, musamman in ta kai kashi 30 cikin 100 na jiki, ruwan jijiyoyin jini take tsiyayarwa, sai jiki ya karkatar da ɗan jinin da ya rage zuwa zuciya da ƙwaƙwalwa, hanji ya samu kaɗan. Fatar cikin tumbi da farkon hanji ta yi rauni, asid ya ci ta ya zama olsa, in ta yi zurfi ta ɓule. Tun 1842 wani likitan Ingila mai suna Curling ya rubuta wannan a kan masu ƙuna. Wani kuma wani yanki na hanjin ne ke mutuwa saboda rashin jini.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne yadda yake ɓuya, mutum yana kan allurar kashe zafi an naɗe shi da bandeji, ina zai ce miki cikina na ciwo. Mu dai abin da muke lura da shi, madarar da aka ba shi ta roba in an zuƙo da sirinji sai a tarar tana nan ba ta wuce ba, wani lokacin ta fito baƙi-baƙi, ko kashi baƙi ƙirin, ciki ya yi tauri kamar katako, bugun zuciya ya hau, hoto kuma ya nuna iska ta taru a saman hanta.

Don Allah ku sa hannu a yi tiyatar yau ɗin nan, kar a tsaya jiran kawu ya iso daga ƙauye, dattin hanji ne ke zuba cikin ciki kuma kowace awa tana da muhimmanci. Kar a ɗura masa komai ta baki, ko kunu ko rubutu, kar kuma wani ya sayo diclofenac ko ibuprofen a kemis don tausayi, su ma suna cin tumbi. Ku tara masu ba da jini tun yanzu. In aka fito masa da hanji ta gefen ciki da 'yar jaka kar ku firgita, sau da yawa in ya murmure ana mayarwa.