Tambayoyin GMAT masu maganganu biyu da suka ci karo: ya ake kama amsarsu?

Tambaya: Salam Malam, ni daga Ƙofar Sauri nake nan cikin Katsina, na gama digiri a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua (UMYU) yanzu ina shirin rubuta GMAT, jarabawar shiga makarantun koyon kasuwanci, don neman MBA, wato digiri na biyu a harkar kasuwanci, a waje. Lissafin ba ya ba ni wahala sosai, amma a Critical Reasoning, wato tambayoyin auna hujja, akwai waɗanda za su kawo maganganu biyu masu karo da juna su ce wane zaɓi ne ya warware, wallahi kullum sai na rage zaɓi biyu sannan in ɗauki wanda ba shi ba. Don Allah ya ake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'a. Fara duba littafin da kake karatu da shi tukuna, domin tun ƙarshen 2023 GMAC masu jarabawar suka kawo sabon tsari, tsohon ya tsaya a farkon 2024. Yanzu sashe uku ne, kowanne minti 45, kuma Verbal, wato sashen Turanci, tambaya 23 ne, an cire gyaran jimla gaba ɗaya, sai karanta rubutu da irin waɗannan na tunani. Kenan ba ka da cikakken minti 2 ma a kan kowace tambaya.

To matsalarka ina jin na san ta, don ita ke kayar da yawancin mutane. A sauran tambayoyin Critical Reasoning an saba maka da neman inda mai magana ya yi kuskure, ka raunana hujjarsa ko ka ƙarfafa ta, sai ka shigo nan da wannan halin. Alhali nan babu wata hujja, babu wanda ya yanke hukunci, abu biyu kawai aka ajiye maka kuma duka biyun gaskiya ne, ba a ba ka izinin ƙaryata ko ɗaya ba. Aikinka ka nemo abu na uku da ba a faɗa ba wanda in ka ji shi za ka ce au, ashe shi ya sa.

Bari in ƙirƙiro maka misali. A ce an rubuta: bana damina ta yi kyau a ƙasar Daura, gero ya yi albarka fiye da bara, amma kuma a kasuwar Mai'adua kuɗin buhu ya fi na bara tsada lokacin kaka. Kafin ka kalli zaɓin nan biyar, tsaya ka faɗi abin mamakin da bakinka: kaya ya yi yawa, me ya sa bai faɗi ba? Wannan tambayar ita ce ma'auninka, kuma mutane suna tsallake ta saboda sauri, ni kuwa a ganina daƙiƙa goman da za ka kashe a nan sun fi komai riba.

Yanzu zaɓi na farko ya ce manoma sun samu taki da wuri bana. Gaskiya ne yana da alaƙa, amma ɓangare ɗaya kawai ya yi wa bayani, ya gaya maka dalilin albarkar gero, tsadar fa? Shiru. Wannan shi ne tarkon da ya fi kama mutane kuma ina kyautata zaton shi ne kake ɗauka a cikin biyun da ke rage maka, saboda yana maimaita kalmomin da ke cikin labarin sai ka ji kamar ya dace. Na biyu ya ce kuɗin mota daga ƙauye zuwa kasuwa ya sauka, wannan ma ƙara dagula lissafin ya yi, in sufuri ya yi sauƙi ai arha ya kamata a gani. Na uku ya ce wasu manoma na cewa amfanin bai kai yadda ake faɗa ba, ka ga yana so ya ƙaryata abin da aka ba ka, jefar da shi. Na huɗu kan farashin tumatir ne, ba ruwanmu. Na biyar ya ce a ƙetaren iyaka cikin Nijar ruwa ya ɗauke da wuri, 'yan kasuwarsu suka yi ta shigowa suna kwasar gero. Shi ke nan, geron ya yi yawa, masu saye sun fi shi yawa, maganganun biyu duk sun tsaya da ƙafarsu.

Wani abu kuma da masu saita tambayar ke matuƙar so shi ne wasa da adadi da kaso cikin ɗari, ko kuma jimilla da ɓangarori. Akwai misali na gaske da ya shahara, jami'ar Berkeley a Amurka a 1973: kusan kashi 44 na maza masu neman karatun gaba da digiri aka ɗauka, mata kuwa kusan kashi 35, kowa zai ce wariya ce, amma da aka duba sashe-sashe sai aka ga a mafi yawansu ba a fifita maza ba, abin da ya faru mata sun fi nema a sassan da gasa ta yi tsanani, inda kowa ma da ƙyar ake ɗauka. Don haka duk lokacin da ka ga kaso a gefe ɗaya, adadi a ɗaya gefen, tambayi kanka su wa aka ƙirga, kuma shin mutanen bara su ne na bana.

Kada ka ce dole sai amsar da ka hasaso ita za ka gani, hanyoyin warwarewa suna da yawa, kuma kada ka ƙi zaɓi don ya kawo sabon zance, a irin wannan tambayar sabon bayani ake nema, shi ya sa suke cewa ka ɗauka zaɓin gaskiya ne. Sannan ka lura da kalmar EXCEPT (wato ban da) da manyan baƙaƙe a cikin tambaya, a nan huɗu ne ke warwarewa, kai wanda bai warware ba kake nema, kuma ba dole sai ya dagula ba, ko ba ruwansa da zancen ma ya isa.

Wajen atisaye ka riƙe tambayoyin littafin Official Guide na GMAC, duk wanda ka faɗi ka rubuta a gefe wane ɓangaren zaɓin naka ya bari ba bayani. Ranar jarabawa kuma in biyu suka riƙe ka, zaɓi ɗaya ka sa masa alama ka wuce, sabon tsarin ya yarda ka dawo ka canza amsa har 3 a kowane sashe in lokaci ya rage.