Tambaya Da Amsa: Wane Irin Kiɗa Ne Wannan Na 'Yan Bakin Teku?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, da fatan an wuni lafiya. Don Allah na ga wani bidiyo a YouTube, wasu Turawa mata huɗu sun tayar da gashi sama, kayansu irin na mutanen da, suna ta kaɗa jita babu mai rera komai, sunansu The Surfrajettes. Ni na ce tsohon bidiyo ne aka sa masa kala, yayana ya ce na yanzu ne, har mun yi musu. Waye da gaskiya, kuma wane irin kiɗa ne wannan? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. To sai dai haƙuri, yayanki ne da gaskiya. 'Yan birnin Toronto ne a Kanada, a 2015 suka haɗu, amma ba laifinki ba ne da kika ruɗe don da gangan suke yi, kiɗan da suke tayarwa ya girmi iyayenki watakila.

Turawa suna ce masa surf, sunan wasan nan da matasa suke hawa wani dogon allo su miƙe tsaye igiyar teku ta yi ta sululu da su. A kudancin Kalifoniya ya taso wajen 1961, lokacin wani saurayi Dick Dale yana cika wani ɗakin rawa mai suna Rendezvous a Balboa da samari da 'yan mata. Bahago ne, jitar masu kaɗawa da hannun dama ya juya ta kawai bai ko sauya tsarkiyoyin ba, kuma tsabar ƙarar da yake so sai ya yi ta ƙona amfilifaya, har sai da Leo Fender mai kamfanin jita ya zauna ya ƙera masa wadda zata iya da shi. Wannan shi ne reshe na farko, kiɗa zalla, kuma shi matan nan da kika gani suke bi.

Reshe na biyu shi ne mai waƙa, shi ya fi kai wa duniya. A shekarar 1961 ɗin dai a garin Hawthorne 'yan gida ɗaya su uku, Brian da Dennis da Carl Wilson, suka haɗu da ɗan uwansu Mike Love da abokinsu Al Jardine suka zama The Beach Boys. Su nasu haɗa murya ne, mutum huɗu ko biyar kowa da nasa matakin, ɗaya ya siranta murya can sama, sai waƙar ta zama ta teku da rana da motoci da 'yan mata, babu talauci babu ciwo. Kar ki manta bazararsu ba irin tamu ba ce da mutum yake kwana a tsakar gida yana fifita ga ba wuta, su lokacin hutun makaranta ne bayan sanyi ya gama gasa musu aya a hannu, shi ya sa suke mata waƙa. Abin bai wani daɗe ba fa, mawaƙan Beatles na sauka Amurka daga Ingila a Fabrairun 1964 kasuwa ta juya, shi kansa Brian ya bar zancen teku ya koma wasu waƙoƙin masu zurfi.

Tambaya: Malam ni kiɗan Dick Dale ɗinnan da na ji sai na ji kamar na Larabawa, ko kunnena ne? Daga wani mai gyaran waya a Maraɗi.

Amsa: Kunnenka lafiya lau Malam. Sunansa na yanka Richard Monsour, a Boston aka haife shi a 1937, ta wajen uba kuma Kwara ne, asalinsu Lebanon. Kiɗan nasa da ya fi shahara, Misirlou, da ya fitar a 1962, ba shi ya ƙirƙira ba, tsohon take ne na Girkawa da Turkawa da Larabawa, tun yana yaro ya ji kawunsa yana kaɗa shi da ud, wani abin kiɗa mai tsarkiya na Larabawa, shi kawai ƙara masa gudu ya yi ya sa wuta. Fim ɗin Pulp Fiction ya buɗe da shi a 1994, daga nan ne ma kasuwar wannan kiɗa ta sake tashi, sannan mawaƙan Amurka Black Eyed Peas suka ɗora waƙa a kansa a 2005, ina jin ta nan da yawanmu suka fara jinsa. Ya rasu a 2019.

Tambaya: Ni fa gaskiya ban ga abin burgewa ba. Mutum ya zauna ya kwaikwayi waƙar da aka yi shekara sittin, har da kaya har da aski, ai wannan mutuwar zuciya ce ko ma sata. Na ji wasu wai The Explorers Club wallahi sai da na rantse Beach Boys ne. Me za ka ce? Daga wani malamin makaranta a Jos.

Amsa: Allah ya gafarta Malam, a sassauta musu mana. Waɗannan da ka ambata 'yan Charleston ne a jihar Karolina ta Kudu, jagoransu Jason Brewer, faifansu na farko Freedom Wind ya fito a 2008, kuma gaskiyarka kamar ta yi yawa, su ma ba su taɓa ɓoyewa ba. Amma sata daban, bin salo daban. Waƙoƙin nasu ne su suka rubuta, salon ne na aro. In sata ake nema ai a gidan iyayen gidan nasu za a same ta, don waƙar Beach Boys Surfin' U.S.A. ta 1963 karin wata waƙar mawaƙi Chuck Berry ce aka ɗauko sukutum aka sauya baitoci, sai da magana ta taso aka sa sunansa a jikin faifai.

Sannan maganar mutuwar zuciya, a gwada tara mutum biyar su riƙe murya biyar a baiti ɗaya ba wanda ya zame ya faɗa ta ɗan uwansa, a gaban jama'a, babu kwamfutar da zata gyara, za a ga aiki ne ja. A zamanin da kowa ya dogara da na'ura ta miƙe masa murya ni dai ina cire musu hula.

Akwai masu cewa to ai na yanzun ba su san teku ba, Toronto tafki ne kawai a gefenta ga dusar ƙanƙara, su Los Straitjackets masu sa fuskar 'yan kokawar Meziko kuma a Nashville suka tashi inda babu teku ko kusa. Yo ai a cikin Beach Boys ɗin ma Dennis kaɗai ne yake hawa igiyar ruwa da gaske, Brian da ya tsara kusan komai bai iya ba, yana ɗaki gaban fiyano ana kawo masa labarin bakin teku yana mayarwa waƙa. Tun asali mafarki aka sayar wa mutane, yaron da bai taɓa ganin teku ba ya saya ya ji daɗi, har Japan abin ya kai inda The Ventures, wasu makaɗan jita 'yan Amurka, suka fi ma ƙima kan gida. To wanda ya zo ya sake shirya mafarkin a yau ban ga ta inda ya fi na farko ƙarya ba.

Inda zan bi bayanka Malam shi ne, in an saurari faifan irin waɗannan an gama, sau da yawa sai mutum ya ji na asalin yake marmari, ya koma can ya manta da su. Brian da ya rasu a Yunin 2025 yana da shekara 82 akwai wani ɗan ɗaci a ƙasan waƙoƙinsa ko da masu fara'ar ne, wannan kam har yau ban ji wanda ya iya kwafa ba.

Tambaya: Ina ɗan taɓa jita, ya ake samun wannan sautin mai kamar ruwa na ɗiga? Daga wani matashi a Kumasi.

Amsa: Ba a yatsa yake ba ɗan uwa, a wani akwati yake da Fender suka fito da shi a 1961. A cikinsa akwai siraran sifirin na ƙarfe, sautin jitar yana bi ta cikinsu su yi rawa, sai ya fito da amsa-kuwwa kamar an kaɗa a cikin rijiya. Kai kuma sai ka ɗan danne tsarkiyar da gefen tafin hannu kana kaɗawa da sauri sama da ƙasa. Akwai manhajojin waya da ƙananan na'urori da suke kwaikwayonsa kuma sun isa mai koyo, amma 'yan gani-kashe-ni sai akwatin, don a tsakiyar wasa har ƙafa suke sa masa su ɗan shure shi, sifirin ɗin su bugi juna ya ba da ƙara kamar tsawa. In na aro ne dai kar ka gwada.